In Kiɗa Ya Sauya, Rawa Ma Sai Ta Sauya



Akwai wani aiki wanda mai yinsa ba ya ganin majiyyaci, ba ya kuwa taɓa shi, amma rai ya kan rataya a bakinsa. Shi ne aikin amsa waya a ɗakin da a ke tura motocin asibiti. Wannan aiki na ke yi a Ingila, inda tun 1937 aka fara buga 999 a birnin Landan domin neman agaji. Amurka ta fara 911 a 1968. Nijeriya kuma tana da 112.

Ba da ka mu ke yin tambaya ba. Wani likita, Jeff Clawson, ya tsara katunan tambayoyi a birnin Salt Lake na Amurka wajen ƙarshen shekarun 1970. Yau an zuba su cikin kwamfuta, a wani tsari mai suna ProQA. Kowace damuwa da lambarta: 9 tsayawar zuciya, 10 ciwon ƙirji, 11 shaƙewa, 12 jijjiga, 24 ciki da haihuwa. Da fari mu kan tambayi inda mutum ya ke, da abin da ya faru, ko yana farke, ko yana numfashi. Daga amsar nan ne a ke zaɓen kati.

Amma ciwo ba ya jiran kati. Wata rana da dare wata mata ta kira, ta ce mijinta ya faɗi yana jijjiga. Na buɗe na 12, na ce kada ta danne shi, kada ta sa masa kome a baki. Jijjiga ta tsaya. Na tambaya, "Yana numfashi?" Ta ce, "I, minshari ma ya ke yi." Na ce ta riƙa cewa "yanzu" duk sa'ad da ya ja numfashi, na'ura kuwa tana auna tsakani. Tsakanin ya yi nisa ƙwarai. Ashe ba minshari ba ne, kakari ne irin wanda jiki ya kan yi bayan zuciya ta tsaya. Gama in jini ya daina kaiwa ƙwaƙwalwa, mutum ya kan yi 'yar jijjiga mai kama da farfaɗiya.

Nan da nan na bar 12 na koma 9. Motar da aka riga aka tura ba ta tsaya ba, sai dai kiran ya hau sahun farko na gaggawa. Na ce, "Mama, ki kwantar da shi rigingine a ƙasa. Ki ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ki danna da ƙarfi." Ta ce, "Ai yanzu kika ce kada in danne shi!" Na ce, "Gaskiya ne. Abin ya sauya. Danna, ina ƙidaya miki." A kan danna sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba. Muka yi ta ƙidaya har ma'aikata suka shigo da na'urar da ke farfaɗo da bugun zuciya, waya ta katse. Sau da yawa ba mu kan ji ƙarshen labari ba. Mu kan bar shi a hannun Allah, mu ɗauki kira na gaba.

Danna maɓalli ba wuya. Abu mai wuya shi ne sakin labarin da ka fara gaskatawa, gama zuciyar mutum ta fi son hanyar da ta riga ta kama. Haka kuwa ya ke cikin gidajenmu. Uba ya yanke cewa yaronsa malalaci ne, ya yi ta faɗa shekara guda, alhali kuwa yaron ba ya ganin allo ne sosai. Da ya sake tambaya, da ya sake magani.

Na kan tuna da Yayirus cikin Markus sura 5. Ya kira Yesu domin 'yarsa mai shekara 12 tana bakin mutuwa. Suna kan hanya labari ya sauya, aka ce ta rasu, a daina wahalar da Malam. Yesu ya ji sabon labarin, bai kuwa juya ba. Ya ƙarfafa uban, ya shiga gidan, ya tashe ta.

Saboda haka, 'yan'uwa, in kun kira neman agaji, ku fara faɗin inda ku ke sarai. Kada ku ajiye waya. Duk abin da ya sauya ku faɗa nan take, in kuma an sake muku umarni ku bi. Ko inda mota ba ta zuwa da sauri, ku riƙe wannan: wanda bai farka ba, ba ya kuma numfashi daidai, kada a ɗura masa ruwa, a fara danna ƙirji, a aika neman taimako.

Ubangiji ya ba mu kunnen ji, ya kiyaye gidajenmu. Amin.