Zauren Da Ke Ɗaukar Mutum 128

Mu masu rubuta manhaja a Dutsin-Ma mun daɗe da sanin cewa shafin intanet ba ya durƙushewa sai ranar da aka fi buƙatarsa. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a garin a 2011 matasa masu waya suka yawaita, ƙananan makarantu ma suka koma yin rajista ta intanet. Ɗaya daga cikinsu muke kula wa da sabar, wato kwamfutar da ke amsa duk wanda ya buɗe shafin. Ranar rufe rajista kuwa kowa sai ya zo lokaci guda.

A can cikin sabar akwai kanel, zuciyar Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991. Shi ne mai gadin ƙofa. Duk wayar da ta yi sallama, yakan zaunar da ita a zaure har manhaja ta samu sukunin karɓarta. Shekara da shekaru zauren mutum 128 yake ɗauka, sai a 2019, da fitowar Linux 5.4, aka mayar da shi 4096. Tsohuwar sabar tana nan kan tsohon lissafi. In zauren ya cika, kanel ba ya cewa a dawo anjima. Shiru yake yi, waya ta yi ta juyi, data na ƙonewa.

Akwai iyaka ta biyu: a al'ada manhaja ɗaya ba ta riƙe fiye da haɗi 1024 lokaci guda. Ga lissafin. In mutum 100 na shigowa a daƙiƙa, kowa ya gama cikin daƙiƙa ɗaya, haɗi 100 ke nan. In kuwa kowa sai ya yi daƙiƙa 20 saboda raunin sabis, sun zama 2000. Ɗalibin da ke ƙauyukan Kurfi, mai ɗaga waya sama yana neman sabis, shi ya fi daɗewa a ciki, shi kuma aka fi yankewa a tsakiyar biyan kuɗi.

Don haka muka faɗaɗa zauren, muka ɗaga iyakar haɗi, muka kunna BBR, tsarin da Google ya fitar a 2016. Tsohon tsari da ya ga saƙo ya ɓace a hanya sai ya ɗauka cunkoso ne ya rage gudu. BBR auna ƙarfin layin yake yi, abin da ya fi dacewa da sabis mai ɗaukewa yana dawowa. Amma faɗin zaure ba ya ƙara tuwo a tukunya. In manhaja na da nawa, jiran ne kawai zai yi tsawo.

Waɗannan lambobi mutane ne suka zaɓe su, bisa layuka da injinan da suka sani. In muka bar su yadda muka same su, mun yarda ke nan ɗan Kurfi ya biya tarar makara a kan lissafin da ba da shi aka yi ba.