Mun Koma Karanta Bidiyo

A Gwiwa data tsada gare ta, sabis kuma sai ya ga dama. Shi ya sa mu 'yan ajin ƙarshe ba ma kallon dogayen bidiyoyin YouTube kan neman gurbin karatu. Rubutaccen jawabinsu muke buɗewa, mu kwafe, mu karanta a natse. Nan muka ga cin JAMB kaɗai bai isa ba, sai da kiredit biyar da karɓar gurbi ta CAPS. Amma na'ura ke rubutun, takan jirkita lambobi, wani bidiyon kuma na bara ne. Don haka kafin mu zaɓi Jami'ar Tarayya Dutse ko Kwalejin Hussaini Adamu Kazaure, sai mun duba kundin JAMB, mun tambayi malamanmu. Kuskuren darasi ɗaya kan ci shekara guda.