Daga Sanyin Ngaundere Zuwa Zafin Jimeta: Abin Da Bazarar Farko Ta Koya Mana

 Ganin bazara ta ƙarato, muka ga ya dace mu ba ku labarin tamu bazarar ta farko a Jimeta, ko Allah Ya sa wani ya kauce wa kuskuren da muka yi.

Mun baro Ngaundere a watan Fabrairun 2023, mu biyu da yaranmu huɗu da Dada, mahaifiyar maigida. Kasuwanci ne ya kawo mu, wani ɗan uwa ya samo mana rumfa a babbar kasuwar Jimeta. Da asuba muka tashi, kowa da rigar sanyi. Muna gangarowa daga tudu a hanyar Garwa aka fara cire riguna, kafin mu ƙetare iyaka ta Gurin kuwa yara sun shanye duk ruwan da muka ɗauko. Ngaundere tana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,000, Yola kuwa tana can ƙasa a kwarin kogin Binuwai. Bambancin ke nan.

A zuciyarmu ba mu ɗauki Yola baƙon wuri ba. Tun muna yara ake gaya mana Modibbo Adama ne ya kafa ta a 1841, kuma lamidon garinmu ƙarƙashinta yake kafin Jamusawa da Ingilishi su raba ƙasar. Fulatanci da Hausa da muke yi a gida su ake yi a kasuwa. Muka ce ai gida muka zo.

Ba a yi mako ba muka gane baƙo baƙo ne. Mun iso daidai lokacin canjin takardun naira, ga sefa a aljihu amma babu tsabar kuɗin da za a canza mana. Yaran da suka fara karatu da Faransanci suka koma aji na baya saboda Turanci. Sannan aka tuna mana Kamaru ba ta cikin ECOWAS, don haka maganar takardar zama ba abin wasa ba ce. Duk waɗannan mun daure. Zafi ne ya kusa mayar da mu.

Azumin shekarar ya kama ranar 23 ga Maris, lokacin da zafin Yola ke haura digiri 40 da rana. A gida warhaka an fara jin ƙamshin ruwan sama, a nan kuwa sai an shiga Mayu ake sa rai. Ɗakin da muka kama rufin kwano ne babu silin, wuta kuma sai ta ga dama. Mu kuma muka ci gaba da rayuwa irin ta Ngaundere: rufe taga da dare, fita kasuwa da tsakar rana, shan shayi da sahur a bar ruwa.

Wajen goma ga azumi, bayan azahar, muka tarar da Dada kwance, jikinta zafi rau, babu ɗigon gumi, tana magana ba kan gado. Tun safe take kukan ciwon kai, muka ce yunwar azumi ce. Kukan yara ne ya shigo da maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Numan, Kirista, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, wadda har ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ta sa aka fito da Dada gindin darbejiya, aka jiƙa zane aka lulluɓa mata, yara suna fifita. Da ta ɗan dawo hayyacinta, matar ta miƙa mata kofi, Dada ta kau da kai ta ce tana azumi.

"Mama, ki sha," in ji ta. "Ni ba Musulma ba ce, amma na san addininku bai ce mara lafiya ya halaka kansa ba."

Limamin unguwa da aka kira ya tabbatar mata da cewa mara lafiya yana da sauƙin ajiye azumi ya rama daga baya. Sannan ta sha. Aka sa ta a keke napep sai asibiti, inda ta kwana biyu ana ƙara mata ruwa.

Daren da aka sallame ta mun zauna a tsakar gida muna shawarar komawa. Jarinmu duka yana cikin rumfar nan, komawa na nufin asara, zama kuma muna tsoron ranta. Dada ce ta raba gardama. Ta ce tsofaffin garin nan ba da ƙarfe aka yi su ba, mu je mu tambayi yadda suke yi.

Muka tambaya, ga abin da aka koya mana. A sayi randa a ajiye a inuwa, ruwanta ya fi na jarka sanyi nesa ba kusa ba. A yayyafa ruwa a tsakar gida da yamma, a kwana waje cikin gidan sauro. A gama aiki mai nauyi kafin hantsi, sauran sai bayan la'asar. Tsakanin buɗa-baki da sahur a riƙa shan ruwa kaɗan-kaɗan, a haɗa da kunun tsamiya da kankana da fura da nono. A san haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In fitsari ya yi duhu, jiki na neman ruwa. In mutum ya daina gumi ko ya rikice, a sanyaya jikinsa a garzaya asibiti. In zazzaɓi ya zo da sanƙarewar wuya, kada a jira, domin lokacin sanƙarau ne. Ribarmu ta farko kuwa silin muka sa da ita, muka sayi fanka mai aiki da hasken rana.

Har yau muna kewar sanyin gida, ba za mu ɓoye ba. Amma yara sun kama Turanci, rumfa ta tsaya da ƙafarta, maƙwabciyar nan kuma ta zama uwa, ranar sallah tana cin tuwonmu, ranar Kirsimeti muna cin shinkafarta. Duk lokacin da muka hau gadar Jimeta, Dada takan nuna kogi ta ce ruwan nan ma daga tudun garinmu ya taso, ga shi ya saba da Yola.

Roƙonmu ga 'yan ƙungiya shi ne, duk wanda ya san sabon zuwa, musamman mai tsoho ko jariri, ya leƙa shi kafin Maris, ya duba ɗakin da yake kwana. Sabon zuwa kuma kada ya ji kunyar ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci. Allah Ya ba mu bazara mai sauƙi, Ya kai mu damina lafiya. Amin.