Sheƙa a Kan Yashin Binuwai

Malamaina, iyayena da 'yan uwana ɗalibai, abin da na zaɓa in rubuta a littafinmu na bana shi ne yadda ake gane sheƙar tsuntsu da ƙwansa a bakin kogi, da kuma nauyin da ke kan wanda ya iya ganewa.

Mu 'yan Pitowa ruwa bai yi mana nisa ba. Ga Mayo Kebbi nan kusa, yana gangarawa ya haɗu da Binuwai kafin a kai Garwa. Idan rani ya yi ruwa ya ja baya, sai tsibiran yashi su fito fili. Mai wucewa zai ce babu komai a kai sai kashin shanu da sawun masunta, alhali wurin cike yake da gidaje. Kawuna masunci ne, shi ya koya mini duba su a hutun da nake bin sa cikin kwalekwale. Ya ce kada in fara da neman ƙwai, in fara da kallon uwar.

Zakaran ƙeƙuwa shi ne mafi sauƙi, don shi yake tona asirin kansa. Da ka doshi wurinsa zai tashi yana kuka yana kewaya kanka, wani lokaci har ya kawo maka hari, kuma yana da ƙaya a gwiwar fiffikensa. Sheƙarsa ba komai ba ce illa ɗan gurbi a ƙasa. Ƙwan sukan kai 4, launin ƙasa-ƙasa da ɗigon baƙi, tsininsu na kallon juna a tsakiya. Wallahi kana iya tsayawa taku biyu da su ba ka gan su ba.

Ladin kogi kuwa ya fi shi dabara. Ɗan ƙarami ne, mai baƙin layi a ido da ƙirji. Yakan yi ƙwai 2 ko 3, idan zai tashi sai ya tura yashi da baki ya rufe su ruf. Da rana ta take, zai je ya jiƙa gashin cikinsa a kogi ya dawo ya zauna, don kada zafin yashi ya dafa su. Haka zai yi ta yi kusan kwana 30. To, idan ka ga tsuntsu yana kai da komo tsakanin ruwa da wuri ɗaya da tsakar rana, ka san akwai ajiya a nan.

Sauran ba a ƙasa suke ba. Shaida tana gina katafariyar sheƙa ta ƙirare da taɓo a tsakanin rassa, da ƙofa ƙarama a gefe, ƙwanta farare. Kabare namiji ne yake saƙa tasa da ciyawa, ya rataye ta a kan reshe, ƙofa na kallon ƙasa. Balbela kan taru da yawa a bishiya ɗaya, ƙwansu fari mai ɗan shuɗi. Akwai kuma jajayen tsuntsayen nan masu cin ƙudan zuma, waɗanda ke haƙa ramuka a jikin gaɓa kamar an huda bango. Daga nan na gane wata ƙa'ida: yawanci ƙwan da ke fili yana da zane don ya saje da ƙasa, wanda ke ɓoye cikin rami ko rufaffiyar sheƙa kuwa fari ne, tunda ba mai ganinsa.

Yanzu ga inda maganar ta yi nauyi. Da abokaina suka ji na iya wannan, sai suka ce in kai su. Na san abin da suke nufi: a kwaso, a dafa a gwangwani, a ci da gishiri da yaji. Na ƙi. Ɗaya ya ce mini, "Kai dai marowaci ne, ai ƙwai a baka ya fi kaza a akurki." Mako biyu ba sa kirana ƙwallo, kuma abin ya dame ni, ba zan ɓoye ba. Ban ce mugaye ba ne, wani cikinsu da yunwa yake zuwa makaranta. Amma ƙwan ladin kogi uku ba za su cika cokali uku ba, ita kuwa wahalar wata guda ce aka kwashe mata. Ga shanu na tattake wasu idan sun zo shan ruwa, ga guza da karnuka. Idan mu ma muka shiga layi, me zai rage?

Malam ya karanta mana a Sunan Abi Dawud cewa wasu sahabbai sun ɗauki 'ya'yan wata tsuntsuwa a tafiya, uwar ta zo tana shawagi, Annabi (SAW) ya umarce su da su mayar mata. Kawu bai yi karatu mai zurfi ba, amma dokokinsa sun yi daidai da wannan: kada ka taɓa, kada ka daɗe har rana ta bugi ƙwan, kada ka nuna wa wanda ba ka amince da hannunsa ba.

A Garwa akwai makarantar koyon kula da namun daji tun 1970, ɗalibai na zuwa daga ƙasashen Afirka da dama don su koyi irin abin da ke bayan gidanmu. Ina fatan wata rana in shiga. Kafin nan, duk wanda ke son gani cikinku ya zo mu tafi bayan Azahar ranar Alhamis, amma da sharaɗi: hannu a aljihu.