Kufai da Kango

A Garu, garinmu da ke kusa da Malanbil a gaɓar kogin Kwara, Dendanci muke yi a gida, Hausa kuwa sai a kasuwa. Daga bakin kakana na fara jin kalmar "kufai". Shi ya koyi Hausarsa ne a barikin kuza na ƙasar Jos, inda ya tafi ci-rani tare da ƙanensa yana saurayi. Sun taka da ƙafa har Zariya, sannan suka hau ƙaramin jirgin ƙasan nan da aka daina aiki da shi a 1957. Bayan shekaru kakana ya dawo shi kaɗai. Ƙanen ya rasu a can.

Da na girma na yi niyyar ziyartar kabarin. Na ratsa ta Gaya da Kamba har na isa Bukuru, aka kwatanta mini wani tsohon bariki a wajen Barikin Ladi. Abin da na tarar shi ne tulin jar ƙasa, da ƙarafan da tsatsa ta cinye, da wani tafki mai zurfi wanda asalinsa ramin haƙar kuza ne. Tun da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, manyan kamfanoni suka naɗe tabarmarsu, leburori suka watse.

Wani dattijo mai kiwon awaki ya tambaye ni abin da nake nema. Na ce, "Baba, maƙabartar wannan kangon nake nema."

Ya ce, "Yaro, kango gini ne da ya rasa rufi da mai shi. Nan kufai ne, gari ne guda ya tashi."

Ya nuna mini inda mahauta suke zama, da gurbin masallaci, da rijiyar da ta cike. Maƙabarta kuwa ta zama gonar dankali. A gefen gonar na tsaya na yi wa ƙanen kakana addu'a, ban san ko kusa da shi nake ba ko nesa.

A ƙamus na taɓa ganin kalmomin biyu, na ɗauka ma'anarsu ɗaya. Ranar nan na gane bambancinsu: mai kango yana iya dawowa ya yi rufi, amma kufai, in dattijon nan ya kwanta dama, wa zai nuna wa baƙo gurbin masallaci? Shi ya sa na rubuta duk abin da ya faɗa mini kafin in juyo gida.