Bakin Gulbi a Kebbe, da Sikeli da Littafi

Da sassafe muka bar Sakkwato, muka bi ta Boɗinga da Shagari zuwa Tambuwal, daga nan muka ratse kudu muka nufi Kebbe. Ƙanwata na raka, mai nazarin kifi a jami'a, ita da abokan karatunta. Damina ta janye, gero ya shiga rumbu, fadamun gulbin Zamfara kuwa sun soma tsanewa.

Ba mu taɓa ruwa ba sai da muka gai da Sarkin Ruwa, kuma ladabin nan ne ya buɗe mana ƙofa. Masunta suka riƙa kawo abin da koma da birgi suka kamo, ɗalibai suna aunawa suna rubutawa: tarwaɗa, karfasa, kurungu, jefi-jefi ragon ruwa. Yawancinsu ƙanana ne, tafin hannu ya rufe su.

Wani dattijo da ya daɗe yana kallonmu ya ce wa ƙanwata, "Ɗiyata, kina rubuta wanda ya zo. Wa zai rubuta wanda ya daina zuwa?" Ta ce, "Baba, sai ka faɗa mini." Ya gyara zama ya shiga lissafi. Ya ce rabonsa da ganin giwan ruwa mai girma tun yana da ƙarfin jan taru. Ya nuna kududdufan da a da suke riƙe ruwa har bazara, yanzu yashi ya cike su, da mashigar da kifi ke bi ya hau fadama ya yi ƙwai in ambaliya ta zo. Bai kare 'yan uwansa ba: ya ce raga mai ƙananan idanu ta yi ɓarna, ba ta barin ko ɗan tsako. Shafi ya cika da abin da sikeli ba zai taɓa faɗa ba.

A hanyar komawa ƙanwata ta ba ni labarin gabashin Kanada, inda teku ke da tsananin sanyi. Masu ƙananan jirage sun yi ta kukan cewa kifin kod yana raguwa, yana ƙanƙancewa, alƙaluman hukuma kuwa suna nuna da saura. A 1992 dole aka hana kamunsa, dubban mutane suka rasa sana'a. Abin ya tsaya mini a rai, don kukan da na ji a Kebbe ke nan.

Muna da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a kusa, muna da cibiyar binciken kifi ta ƙasa a New Bussa. Roƙona gare su shi ne su ɗauki masuntan Kebbe abokan aiki: a ba su littafi su riƙa rubuta kamun kowace rana, in an kammala kuma a dawo bakin gulbi a karanta musu sakamakon da Hausa.