Daga Bakin Dam Zuwa Ruwan Wikki

Mu mutanen unguwar nan ba a san mu da zaman wuri ɗaya ba. Kakanninmu daga Kano, Katsina, Zazzau da Haɗeja suka taso, cinikin auduga da gyaɗa ya zaunar da su a Gombe. Sai dai tafiyarmu ba ta wuce uku: fatauci, biki, ta'aziyya. Shi ya sa da muka kawo maganar kai yara kallon ruwa da namun daji a majalisar bayan la'asar, wani dattijonmu ya ce, "Ku dai kuɗi ne suka yi muku yawa."

Ba kuɗi ba ne. Wani yaronmu ɗan aji biyar aka tambaya daga ina ruwan Gombe yake zuwa, ya ce daga tanka. Aka yi dariya, amma abin ya tsaya mana a rai. Muka yi karo-karo, muka ɗauki shatar bas biyu a hutun bazarar da ta wuce. Dattijon nan ma ya biyo mu, wai don ya tsare tarbiyya.

Ranar farko muka bi hanyar Biu, muka wuce Kwadon, sai ga mu a Dadin Kowa. Wurin bai kai kilomita 40 daga ƙofar gidajenmu ba, amma wallahi cikin manyanmu ma akwai waɗanda ba su taɓa tsayawa ba, sai dai su wuce a mota. An datse kogin Gongola a nan tun shekarun 1980, yanzu har injinan lantarki masu megawat 40 aka kafa. Ruwa ne shimfiɗe iya ganinka, duwatsu sun kewaye shi, kwale-kwalen masunta kamar ƙwaryar da aka saki a tafki. Yaran da suka cika mana kunne a mota suka yi tsit. Can ɗan tankan nan ya ja rigar mahaifinsa: "Baba, in duk wannan namu ne, me ya sa kullum muke sayen jarka?" Uban ya ce ya je ya ci kifinsa kafin ya huce.

Mun so ganin dorina. Wani masunci ya kalle mu ya girgiza kai. "Alhaji, ku kallo kuka zo yi. Mu addu'a muke kada mu haɗu da ita." Ya ce dare ɗaya sai ta share gonar shinkafa, in kuwa da ɗa take, kwale-kwale ba a bakin komai yake ba. Daga ƙarshe mun hango kunnuwa biyu da hanci can nesa, suka nutse. Yara na ta tsalle, mu kuwa jikinmu ya ɗan yi sanyi.

Muka kwana gida, da asuba muka kama hanyar Bauchi. Bayan Alkaleri, a Dindima ake karyawa zuwa Mainamaji, ƙofar Yankari. A 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,000. Da bazara ya fi daɗin zuwa, don ciyawa ta bushe, dabbobi sun taru a bakin kogin Gaji. Mun ga gwambaza, mun ga mazo, ga gadu na kiwo a durƙushe har cikin sansani. Giwa kam sai kashinta da rassan da ta karya. Jagoranmu ya ce garken ya ragu ƙwarai a kan na da, maharba masu neman haure sun yi ɓarna, kuma wani lokacin sai a yi kwanaki ba a gan su ba. Wata ƙila jikokinmu ko kashin ba za su tarar ba.

Birai dai ba sai an nema ba. Wani ƙaton gwaggon biri ya fizge ledar dambun naman da aka yi mana guzuri, ya hau rufin ɗaki ya ci a gabanmu, ko kunya.

Sai Wikki. Ruwa ne garau yake ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, kana hango yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 rani da damina. Dattijon da ya zo tsare tarbiyya ya naɗe wando ya ce ƙafa kawai zai tsoma saboda sanyin ƙashi. Da ƙyar muka fitar da shi don sallar la'asar. A hanyar dawowa ne ya ce shekara arba'in yana wuce Dindima da kaya, bai taɓa tambayar inda kwanar ta nufa ba.

Laifi ɗaya muka yi, kuma an gaya mana shi tun a zaure: yara maza kawai muka ɗauka. Iyayen gida sun riga sun buɗe adashi. Sun ce baɗi da 'yan mata za a tafi, kuma su za su riƙe ledar dambu.